Gina Jirgin Sama a Cikin Kwamfuta: Nasiha ga Ƙannena Masu Sha'awar Zane



Yau da masu ɗaga kai nake magana, waɗanda ƙarar jirgi ba ta wucewa sai sun fito tsakar gida sun leƙa sama, waɗanda ƙarshen littafinsu na lissafi cike yake da zanen jirage, wani da farfela, wani da hayaƙi a bayansa. Da yawanku kun ci karo da hotunan jirage a waya, suna sheƙi kamar ka kai hannu ka taɓa, kuka zaci mai kyamara ne ya ɗauko su, sai daga baya kuka ji cewa a cikin kwamfuta aka gina su da fasahar nan da ake kira 3D. Tun daga ranar zuciya ta kwaɗaitu. Madalla da wannan sha'awa. Tana da tsabta, ba ta cin jari mai yawa, kuma ko iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen abu mai rai ba su da ta cewa a kan jirgi, tunda ƙarfe ne da katako da gilashi.

Sai dai gara ku san inda wahalar take tun yanzu, don kada ku neme ta inda ba ta. Danne-dannen manhaja, 'yan watanni sun isa hannu ya saba da su. Abin da ke cin shekaru shi ne ido ya koyi gani, zuciya kuma ta koyi yi wa ma'auni biyayya. Mai zanen bishiya yana iya ƙara reshe ko ya rage, ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Jirgi kuwa injiniyoyi ne suka auna kowane lanƙwasa na jikinsa, lambobin suna rubuce, kuma akwai dubban mutanen da suka san su. Duk wanda ya gina shi da ka, masana za su gane da kallo ɗaya.

Mene ne aikin?

A takarda, gefe ɗaya na jirgi ake zanawa; in ana son ganinsa ta wani ɓangare, sai an sake sabon zane. A cikin kwamfuta jikin jirgin kansa ake ginawa, da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa. Ana dasa ɗigogi a sarari, a haɗa su da layuka, layukan su rufe su zama fuskoki, fuskokin su taru su zama raga mai siffar jirgi. Sai a yi wa ragar fenti, a kunna mata haske, a ajiye kyamara inda ake so, a bar kwamfuta ta wanke hoton. An gina sau ɗaya, amma ana iya ɗaukar hoto ɗari: daga sama, daga ƙasa, da hantsi, da almuru.

Hanyar nan daga wurin maƙeran jirage ta samo asali. A da, a ƙasan wani makeken ɗaki ake shata jikin jirgi da cikakken girmansa, ana lanƙwasa siraran sanduna ana danne su da darma, dabarar da aka gado daga masu ƙera jiragen ruwa. A 1940, lokacin da kamfanin North American na Amurka ke ƙera jirgin yaƙin nan P-51 Mustang, injiniyoyinsa, cikinsu har da Roy Liming, suka fitar da lanƙwasan jikinsa da lissafi maimakon dogara da idon mai zane. A Faransa, Pierre Bézier na kamfanin motoci na Renault ya yaɗa hanyar sarrafa lanƙwasasshen layi da 'yan ɗigogi kaɗan, wadda har yau sunansa take amsawa a cikin manhajojin zane. A 1977 kamfanin jirage na Dassault ya fara haɗa manhajar da ta zama CATIA, kuma da ita aka tsara Boeing 777 gaba ɗayansa a kwamfuta, jirgin da ya fara tashi a 1994. Injiniya yana gini don jirgi ya tashi, ku kuna gini don a gani. Amma daga wuri guda kuke farawa da shi: lamba.

Kayan aiki

Kada kowa ya tsorata ku da tsadar manhaja. Blender kyauta ce, kuma tarihinta ma abin koyi ne. Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, shi ya fara rubuta ta a 1994 don aikin kamfaninsu. Da kamfanin da ke riƙe da ita ya durƙushe a 2002, masu amfani da ita suka yi karo-karo, suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai, suka fanso ta, aka sake ta ga kowa da kowa. Masu cewa kayan kyauta ba ya yin aikin kirki, ku gaya musu fim ɗin katun mai suna Flow, wanda Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya shirya da Blender, shi ya ci kyautar Oscar a 2025. Don gyaran hoto da fenti akwai GIMP da Krita, don zana lambobi da tambura akwai Inkscape, duk kyauta. Saboda haka ba ku da dalilin ɗora satacciyar manhaja. Haƙƙin wani ce, kuma sau da yawa da cuta take shigowa kwamfuta.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, wadda ƙwaƙwalwar aikinta, abin da masu sayarwa ke kira ram, ta kai giga 8, ta isa a fara. Gini ba ya cin ƙarfin na'ura sosai. Wanke hoto ne ke sa ta yi zafi, shi kuwa ana iya rage girman hoton ko a bar shi ya kwana yana yi. Abin da bai kamata ku yi ƙwauronsa ba shi ne linzami mai maɓalli uku, domin da na tsakiyan ake jujjuya abin da ake ginawa. Ku haddace 'yan haruffa: G na matsarwa, R na juyawa, S na ƙara girma ko ragewa, E na tsiro da sabon sashe daga tsoho. A ɓangaren lambobi, 1 da 3 da 7 su ke nuna muku gaba da gefe da sama. Kuma tunda kun san halin wutarmu, ku mayar da adana aiki tamkar numfashi, kuna sauya wa fayil lamba, kuna ajiye kwafi a wani wuri daban. In kun samu intanet mai araha, ku sauke darussan bidiyo ku ajiye, kada ku riƙa ƙona data kuna maimaita kallon abu guda.

Jirgin farko

Kusan kowane mai koyo da ƙaton jirgi yake son farawa: Boeing 747 mai hawa biyu, ko jirgin yaƙi mai rataye da makamai. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Boeing 747-400 ya haura mita 70 a tsawo, yana da injina huɗu da tayoyi 18, ga tagogi jere ba iyaka. Wanda ya fara da shi, galibi a hanci yake tsayawa, ya bar fayil ɗin ya mutu a cikin kwamfuta, ya tafi yana cewa abin ba nasa ba ne.

Ku nemi ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, mai tayoyin da ba sa naɗewa, irin waɗanda ake koyon tuƙi da su. Mutanen Zariya sun saba ganin irinsu a sama, tunda kwalejin koyon tuƙin jirage tana garin tun 1964. Cessna 172 misali ne mai kyau: ya fara tashi a 1955, an ƙera fiye da 44,000, don haka hotunansa da bayanansa ba sa wuyar samu. Ƙaramin jirgi guda da kuka kai ƙarshensa, har fenti, har hoto, ya fi muku manya goma da aka watsar a hanya, domin a kansa ne za ku bi ta kowane mataki na aikin, ku san inda kuke da rauni.

Kafin a taɓa linzami

Nan ne zuciyar maganata, kuma nan ne mafi yawan masu koyo ke tsallakewa.

Abu na farko da za ku nema shi ne zanen fuska uku, wato jirgin ta gefe, ta sama, da ta gaba. Shi ake shimfiɗawa a bayan allo a yi gini a kansa. Amma kada ku ɗauka duk zanen da kuka samu gaskiya ne. Da yawa masu sha'awa irinku ne suka zana su daga hotuna, wani ya kwafa daga wani, kuskure yana bin kuskure. Wasu daga littafi aka ɗauko su, takarda ta tanƙware wajen ɗauka, hancin jirgi ya karkace. A wasu kuma, zanen gefe da na sama ba girmansu ɗaya ba.

Maganin wannan lissafin aji uku ne na ƙaramar sakandare. Ku nemo tsawon jirgin da faɗin fukafukansa daga bayanan kamfanin da ya ƙera shi. Cessna 172 na zamani tsawonsa mita 8.28 ne, faɗin fukafukansa mita 11. In kun raba 11 da 8.28 za ku samu kusan 1.33. To ku auna zanen da ke hannunku, ku yi wannan rabon. In bai ba ku wannan amsa ba, zanen ne ke da matsala. Ku daidaita shi ko ku nemi wani. A cikin Blender ma, ku sa ma'auni a kan mita, ku gina jirgin da ainihin girmansa, domin haske da kyamara su yi masa yadda za su yi wa na gaske.

Na biyu, ku tantance wane samfuri kuke ginawa. Suna ɗaya yakan rufe jirage mabambanta. Cessna 172 na farko jelarsa a miƙe take. A 1960 aka kwantar da ita baya, a 1963 kuma aka buɗe taga a bayan ɗakin fasinja. Spitfire na Ingila ya fara da injin Merlin, na baya-bayan suka koma Griffon, hanci ya ƙara tsawo, farfela ta ƙara ganye. Wanda ya ɗauko hancin wannan ya haɗa da jelar wancan, ya gina jirgin da bai taɓa wanzuwa ba. Mafi kyau ku zaɓi jirgi guda tak, mai lambarsa a jiki, a wata shekara sananniya, ku ce shi nake ginawa.

Na uku, hotuna. Ku tara su da yawa: ƙarƙashin ciki, mahaɗar fiffike da jiki, cikin taya, bakin inji. Amma hoto ma yana da tasa yaudarar. Wanda aka ɗauka daga kusa yakan kumbura abin da ke gaban kyamara ya tsuke na nesa, har dogon jirgi ya zama kamar ya lanƙwashe. Hoton da aka ɗauka daga nesa da doguwar kyamara ya fi kusa da gaskiya. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta, fSpy, da ke taimakawa wajen gano inda mai hoto ya tsaya, don ku ajiye kyamararku a daidai wurin, ku ɗora abin da kuka gina a kan hoton, ku ga ko layi ya hau layi. In bai hau ba, kada ku yi gardama da hoto.

Ga tsarin da za ku riƙe: lambar kamfani a gaba, hoto a bayanta, zane a ƙarshe. Wani ɗan ƙasar Folan mai suna Witold Jaworski ya rubuta littafi sukutum, Virtual Airplane, a kan gina jirgin P-40 da Blender da GIMP da Inkscape, kuma da gyaran zane da auna shi ya fara kafin ya dasa ɗigo ko ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gini

Jirgi dama da hagunsa kusan ɗaya ne, don haka rabi ake ginawa, a sa kayan aikin da Blender ke kira Mirror ya fito da ɗaya rabin. Gangar jiki kuwa daga yanka-yanka ake tayar da ita. Ku ƙaddara an datsa jirgin a wurare da dama daga hanci zuwa jela. Kowane datsi yana da siffarsa, wani zagaye, wani mai kama da ƙwai, wani mai kusurwa. Ku zana waɗannan zobba a mazauninsu, sannan ku haɗa su. Zane mai kyau yakan zo da su. In babu, daga hotuna za ku tsamo su, da haƙuri.

Babban kuskuren mai koyo shi ne yawan ɗigo. Yana ganin in ya cika raga da layuka jiki zai yi sumul, alhali kowane ɗigon da ya ƙara wata dama ce ta kumburi ko loɓawa. Ku fara da kaɗan, ku sa fuskokin su zama masu kusurwa huɗu, ku bar wa kwamfuta aikin sulɓewa. Dabarar da take yin haka da ita, Edwin Catmull da Jim Clark ne suka fitar da ita a 1978, kuma tana aiki da kyau ne kawai in ragar da aka ba ta tsararriya ce. Hanyar gwaji mai sauƙi: ku shafa wa jikin launi mai ƙyalli ku jujjuya shi. Duk inda haske ya karye ko ya yi rawa, akwai ɗigon da ya bar layi. Kada ku huda taga ko ƙofa sai jiki ya gama daidaita, domin gyara bayan huji aiki biyu ne.

Fiffike shi ne inda ake gane wanda ya yi bincike. Ba allo ba ne shimfiɗaɗɗe. In aka datsa shi, za a ga gabansa dunƙule, bayansa siriri, samansa ya fi ƙasansa tudu. Waɗannan siffofi suna da sunaye da lambobi. Hukumar binciken jirage ta Amurka, NACA, wadda aka kafa a 1915 ta kuma rikiɗe zuwa NASA a 1958, ta fitar da jerinsu. Fiffiken Cessna 172 a kan NACA 2412 aka gina shi, kuma lambar da kanta bayani ce: 2 na nufin lanƙwasarsa kashi 2 cikin ɗari na faɗin fiffiken, 4 na nufin lanƙwasar ta fi tudu a kashi 40 cikin ɗari daga gaba, 12 kuma kaurinsa ne, kashi 12 cikin ɗari. Jami'ar Ilinoi ta Amurka tana da rumbun irin waɗannan siffofi fiye da 1,500, kyauta ga mai so. Don me za ku yi ƙirdado a abin da aka riga aka auna muku?

Ku kuma lura da abubuwa uku da ido ke wucewa. In kun kalli jirgi ta gaba, galibi fukafukan sun ɗan ɗaga sama daga gindi zuwa baki. Wannan yana taimaka masa ya dawo daidai in iska ta karkata shi. A jirage da yawa bakin fiffike a ɗan murɗe yake, domin in gudu ya ragu har iska ta fara sakinsa, ta fara saki daga gindi, bakin da ke ɗauke da abin karkatar da jirgi ya ci gaba da aiki. Ganyen farfela ma a murɗe yake, ya fi karkata kusa da gindi, saboda bakinsa ya fi gindinsa gudu. Kun ga ke nan, duk wanda ya nace da tambayar "don me aka yi shi haka?" ilimin tashin jirgi yake sha ba tare da ya shiga aji ba, kuma abin da ya fahimci dalilinsa ba ya mance siffarsa.

Fenti, datti da haske

Kafin fenti, sai an buɗe ragar an shimfiɗa ta, kamar yadda ake feɗe ragon layya a baje fatarsa a ƙasa: a zaɓi inda za a tsaga, a ɓoye tsagar a ƙarƙashin ciki, a tabbatar ba inda ya tattare ko ya miƙe fiye da kima. A kan wannan shimfiɗa ake zana launi da lambobi da tambari. Ƙusoshin da ke riƙe da fallayen alminiyom dubbai ne, kuma ba a gina su ɗaya-ɗaya, kwamfuta ba za ta ɗauka ba. Ana zana su ne a wani hoto na baƙi da fari da ke gaya wa haske inda ya kumbura da inda ya loɓa. Ku sassauta hannu a nan. A jirgi na gaske, daga 'yar tazara da ƙyar ake ganin layukan mahaɗa. Mai koyo kuwa yakan yi su baƙi ƙirin, kamar an shata da gawayi.

Jirgin da ba datti ko kaɗan a jikinsa, abin wasa yake zama a ido. Amma datti ma yana da dalili. Baƙin hayaƙi daga bakin salansa yake farawa ya bi hanyar iska. Mai yana tsiyaya ne ta ƙarƙashin inji. Fenti yana ɓarewa a goshin fiffike da wurin da makanikai ke takawa. Rana tana koɗar da sama, ba ciki ba. Ku koma ga hotunanku, su za su nuna muku.

In kun zo ɗaukar hoto, ku tuna halin da jirgin ke ciki. In yana sama, farfela ba ta tsayawa cak, sai dai a ga inuwar juyawarta. In yana ƙasa, nauyinsa yana danne tayoyi, su ɗan baje. Fitilar bakin fiffiken hagu ja ce, ta dama kore. Wanda ya musanya su ya tona wa kansa asiri. Don haske, akwai rumbun Poly Haven mai hotunan sararin sama na kyauta da ake lulluɓe wurin da su, su ba ƙarfe abin da zai haska. Rana ɗaya ce a sama, don haka inuwar jirgi da ta abin da ke bayansa dole su fuskanci waje guda.

Jiragen da ke jiran mai zana su

Spitfire da Mustang an zana su har an gaji. In hannunku ya faɗa, ku waiwayo gida. Ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku samfurin DH.9A na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar. Jirage ne masu fiffike biyu, sama da ƙasa, na katako da yadi da wayoyi, kuma akwai irinsu guda a gidan tarihin sojan sama da ke Landan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, dubban jirage da aka harhaɗa a Takoradi ta Gana, irin su Hurricane da Blenheim da P-40, sun bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Hartum, zuwa Masar. Ga Nigeria Airways, da aka kafa a 1958 ya rufe a 2003, da launinsa kore da fari da tambarin giwa mai fukafukai. Ga Air Beetle, ƙaramin jirgin koyo da aka harhaɗa a Kaduna. Ga manyan jiragen Kabo Air da suka yi jigilar alhazai, waɗanda iyayenku da kakanninku suka shiga.

Hotunan da yawa daga cikin waɗannan kaɗan ne, wasu baƙi da fari, wasu sun dushe. Mai zane a Turai yana iya gina DH.9A, amma bai san yadda hazon hunturu ke cinye nesa ba, bai san launin ƙasar Kano da hantsi ba, ba shi da kakan da zai tambaya. Ku kuna da su. Sai dai aikin tarihi amana ce: lambar jirgin Najeriya da 5N take farawa, ta Nijar da 5U, abin da ba ku samu hujjarsa ba, kamar wani launi ko wata alama, ku rubuta a ƙarƙashin hoton cewa hasashe ne. Kada ku dogara da hotunan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa a matsayin hujja, don sukan ƙara taga, su rage taya, su haɗa jirage biyu a jiki ɗaya.

Ladabin sana'a

Kada sha'awa ta kai ku ɗaukar hoto a sansanin soja ko a wuraren da aka hana a filin jirgi. Jami'in tsaro ba ruwansa da cewa zane kuke koyo. Hotunan da aka riga aka wallafa sun ishe ku, in kuma kuna son ganin jirgi ido da ido, ku bi ta makaranta ko ta wani babba a nemi izini.

Kada ku sauke aikin wani ku sauya masa fenti ku ce naku ne. In kun ari taya ko inji daga wanda ya yarda a ara, ku ambaci sunansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masu wannan harka sun san aikin juna.

Ku nuna aikinku tun bai gama ba, ga wanda ya fi ku sani, ba ga wanda zai ce "ma sha Allah" kawai ba. In tsohon makaniken jirgi ya ce jelarku ta yi kauri, kada ku ɓata rai. Ya ba ku kyauta abin da ya kwashe shekaru yana koyo. Ku samu abokai biyu ko uku ku riƙa duba wa juna. Ku kuma 'yan mata, kada wani ya ce muku wannan fagen maza ne. Ido da haƙuri aikin ke nema, kuma ba a raba su ta jinsi ba.

Ku ba shi lokacinsa, kada ya ci na wani. Awa ɗaya kullum ta fi kwana guda cur a wata. In aka kira salla, ko iyaye suka aike ku, ko jarrabawa ta matso, jirgi ya jira. Ku riƙa ɗaga ido daga allo kuna miƙewa. Kuma kada ku shigo da lissafin kuɗi a gaba. Gaskiya ne hannun da ya iya gina jirgi zai iya gina gida ga mai zanen gine-gine, ko kaya ga mai talla, ko fage ga mai fim, kuma wasu sun ci abinci ta nan. Amma wanda ya fara da tambayar nawa za a biya, ba zai jure zaman gyara mahaɗar fiffike ba.

Ga aikin da na ba ku na wannan mako, kuma ba ya bukatar kwamfuta mai ƙarfi. Ku zaɓi ƙaramin jirgi guda. Ku rubuta samfurinsa da shekararsa da tsawonsa da faɗin fukafukansa. Ku tara hotunansa ashirin ta ɓangarori daban-daban. Ku samo zanensa na fuska uku ku auna shi da rula, ku ga ko ya yi daidai da lambobin. Sannan ku zana shi da fensir a takarda, gefe da sama da gaba, ku gwada da hotunan, ku yi wa kanku maki ba sani ba sabo. Wanda ya yi wannan ya ji daɗinsa, to ya buɗe Blender mako mai zuwa, aikin nasa ne.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa iyayenku su ci moriyarku.